Malafar Tanderu

Duk wanda ya taɓa leƙa bayan gidan burodi a Ƙanƙara ko Faskari da asuba ya san tanderu. Tudu ne na ƙasa da jan bulo, kamar an kifa babban akushi an huda masa baki. A cika masa ciki da itace, wuta ta ci ta gama, a kwashe garwashi, sannan a jera gwangwanayen ƙullu. Zafin da ƙasar ta sha shi ke gasa burodin, kamar yadda dutse ke riƙe zafin rana har bayan magariba. To jarin mai tanderu duk yana cikin wannan ƙasa, kuma ba ta da abokin gaba irin ruwan sama.

Ruwa kuwa a kudancin Katsina ba wasa ba ne. Abin da ke zuba a Sabuwa da Faskari, wajen milimita 1,000 a shekara, ya fi na Daura da Jibiya nesa ba kusa ba, shi ya sa masara ke jin daɗin yankin. Tambayi mai ginin tukwane abin da ke faruwa in ta kai ɗanyar tukunya wuta. Ruwan da ya ɓuya cikin yumɓu sai ya zama tururi, ya kumbura fiye da sau 1,000, ya shiga neman hanya kamar tafasar wake mai ɗaga murfi. In bai samu ba sai ya tsaga. Haka jiƙaƙƙen tanderu yake. Ko bai tsage ba, sai ya cinye maka itace mai yawa yana shanya kansa kafin ya waiwayi burodinka.

Sai dai wurin yi masa rufi ne mutane ke kuskure, su ɗora masa kwano dab da kai kamar murfin tukunya. Ni a ganina malafa ake yi wa tanderu. Dubi manomi a gona: malafarsa ta tare rana da yayyafi, bakinta ya zarce kafaɗu, amma iska na shiga ta ko'ina tana fita. Haka rumfar tanderu za ta kasance, gefe a buɗe, bakin kwano ya zarce jikin ginin da kamu biyu ko fiye, don kada feshin ruwa ya riƙa cin gindinsa yadda yake cin gindin katanga.

A ba ta tsawo, mutum ya miƙe ya ɗaga hannu bai taɓa katako ba. Katakon da ke shan zafi kullum kamar kilishi ne a rana, yana ta bushewa a hankali, har ranar da ɗan tartsatsi zai ishe shi. Shi ya sa nake tsoron jinka da zana a kan tanderu, duk da sanyinsu da araharsu. A shekarar 1666 gobarar da ta cinye gidaje sama da 13,000 a Landan daga gidan burodi ta tashi. Wajen ginshiƙai kuwa, wanda ya sami azara ya more, giginya ba ta ba gara fuska. In tubaifo ne ko gofa, a shafe gindin da baƙin mai, a dasa cikin siminti.

Sai hayaƙi. Shi kamar awaki ne a garke da safe, ƙofa kawai yake nema. A bar masa tsaga a ƙololuwar rufin, a ɗora wa tsagar wata 'yar hular kwano, ya fice ruwa bai shigo ba. In aka toshe shi, kwanon zai yi baƙi ya yi tsatsa da wuri, masu aiki kuma su yini da jan ido da tari.

Gangaren rufi kuwa a koya daga bayan jaki: tudu a tsakiya, ruwa ya zube hagu da dama, bai tsaya ba. Kada dai a juya zubar wajen bakin tanderu, inda ake tsayawa da cebur, ko jikin katangar maƙwabci. A haƙa masa 'yar kwata ya bi.

Hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa, iska a gaba ruwa a baya. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe kuwa lema ce, iska ta ƙasa take shigarta ta ɗaga. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe ta. A sa kafinta ya ɗaure kowane katako da ginshiƙinsa da langalanga ko siririn rodi, ɓangaren gabas kuma a saukar da bakin kwanon ƙasa kaɗan, kamar yadda manomin nan ke karkata malafarsa yana riƙe da igiyar haɓa in ya ga gabas ta yi duhu.