Root da Stokes: Wane Irin Kyaftin Ingila Za Ta Nema Gaba?

A ƙwallon ƙafa, kyaftin mutum ne mai kambu a damtse. Shi ke zaɓen gefen da za a fara, shi ke yi wa alƙalin wasa ƙorafi, in an ci kofi shi ke ɗagawa. Dabarar wasan kuwa tana wurin koci, wanda ke tsaye a bakin layi yana ta ɗaga murya. A kurket abin ya sha bamban. Wasan Test, wanda shi ne babba a cikin nau'o'in kurket, kwana biyar ake yin sa, kusan awa shida a kullum, koci kuma yana can saman bene yana kallo kamar kowa. Kyaftin ne zai ce wane zai yi jifa, yaushe za a karɓe ƙwallo daga hannunsa, ina kowa zai tsaya a fili. In an jefa kwabo ya ci, shi zai duba ƙasa ya duba sama ya ce a fara bugu ko a fara jifa. Shi ne kuma ke da ikon cewa makin da aka tara ya isa, a janye, a bar abokan karawa su shigo tun da sauran lokacin da za a fitar da su. Matsayinsa matsayin madugu ne a ayari: shi ya san inda za a yada zango da lokacin tashi, kuma in tafiya ta ɓaci sunansa za a kira.

Wannan ne ya sa gardama kan wanda ya dace da riƙon ƙungiyar Ingila ba ta ƙarewa. Mutum biyu ne suka riƙe ta tun daga 2017, Joe Root da Ben Stokes. Abokai ne, wata biyar ne kacal tsakanin haihuwarsu, kuma kowannensu ya yi wasa a ƙarƙashin ɗan'uwansa ba tare da an ji kansu ba. Amma riƙonsu bai yi kama ba ko kaɗan, kuma duk mai son ya faɗi wanda zai gaji kujerar, sai ya fara faɗin wanne ya fi gamsar da shi a cikin biyun.

Kafin su akwai wata tsohuwar ƙa'ida da Turawan Ingila suka daɗe suna maimaitawa: kada ka bai wa gwarzonka shugabanci. Asalinta 1981. Ian Botham, wanda ya iya jifa ya iya bugu, ya riƙe ƙungiyar a wasa 12 bai ci ko ɗaya ba, ya sauka bayan an fitar da shi sau biyu ba maki a filin Lord's. Aka dawo da Mike Brearley, ɗan shekara 39, wanda bai taɓa tara maki ɗari a wasan Test ba. Wasa na gaba, a Headingley, Botham da aka sauke wa kaya ya buga 149 ba a fitar da shi ba, Bob Willis ya fitar da mutum takwas a kan maki 43, Ingila ta doke Ostareliya bayan kowa ya fid da rai. Aka gama gasar Ashes ta shekarar, wato karawar Ingila da Ostareliya, Ingila na da ci 3 da 1. Daga baya Andrew Flintoff ya kai ƙungiyar zuwa Ostareliya aka yi mata 5 da nema, Kevin Pietersen kuma bai wuce wasa uku ba ya sauka cikin rigima da koci. Sai ƙa'idar ta ƙara ƙarfi. Abin da masu faɗinta ba su cika ambata ba shi ne, tara daga cikin wasannin Botham 12 da West Indies ya buga su, a zamanin da ba mai iya tsayawa gabansu, Brearley kuwa bai taɓa jagorantar wasan Test da su ba. Sa'ar lokaci tana da kaso a sunan kowane kyaftin.

An bai wa Root riƙo ne saboda shi ya fi kowa iya bugu, kuma bai da abin faɗa a hali. Ya jagoranci wasa 64, ya ci 27, an cinye shi 26. A ranar da ya sauka babu kyaftin ɗin Ingila da ya kai shi yawan nasara, babu kuma wanda ya kai shi yawan shan kashi. Shugabancin bai taɓa hannunsa ba, wannan kam ya saɓa wa tsohuwar ƙa'ida. A 2021 ya tara maki 1,708, wanda ke bi masa a ƙungiyar, Rory Burns, yana da 530. Mutum ɗaya ne ke ɗauke da jinka, sauran suna tafe a baya.

Inda aka fi kama shi shi ne karatun fili da amfani da mutane. A 2019, a Niyu Zilan, ya sa Jofra Archer, mai zafin jifan da ya kamata a riƙa saki kaɗan-kaɗan, ya jefa ƙwallo fiye da 250 a zubi ɗaya. A Ahmedabad a 2021, a kan ƙasar da ke juya ƙwallo tun ranar farko, Ingila ta shiga da ƙwararren mai murza ƙwallo guda ɗaya tal, har ta kai Root da kansa ya karɓa ya fitar da mutum biyar a kan maki takwas, wasan kuma ya ƙare a kwana biyu. A Birisben a ƙarshen shekarar, a wasan farko na Ashes, aka ajiye James Anderson da Stuart Broad duka biyu, Root ya ci kwabo ya zaɓi bugu a ƙarƙashin hadari, Mitchell Starc ya tuge sandar Burns da ƙwallon farko na gasar gaba ɗaya. Maki 147 suka yi. Ba kowane ɗaya daga cikin waɗannan ne shawararsa shi kaɗai ba, akwai koci akwai masu zaɓe. To amma ai matsalar ke nan. Root mutum ne mai sauraro, mai gudun ɓata wa kowa rai, kuma ana ganin haka a fili: sai ƙwallo ta bi ta wani gurbi sannan a tura mutum ya tsaya a wurin.

Adalci dai a faɗi abin da ya same shi. Shekarunsa biyu na ƙarshe na korona ne, 'yan wasa a kulle a otal wata da watanni, hukuma tana hutar da wannan tana dawo da wancan, ta kuma fi karkata ga wasannin kwana ɗaya da suka kai ta ga kofin duniya na 2019. Da wuya ya samu mutanen da yake so su goma sha ɗaya a rana guda. Ya sauka a Afrilun 2022 da nasara ɗaya a wasa 17 na ƙarshe, ya kuma faɗi da bakinsa cewa aikin ya fara bin sa har gida.

A takarda, Stokes shi ne ainihin mutumin da ƙa'idar 1981 ta ce a guje wa. Mai jifa ne mai bugu kamar Botham da Flintoff, shi ya ɗauki Ingila a wasan ƙarshe na kofin duniya, shi ya buga 135 a Headingley a wannan bazarar ta 2019. An taɓa karɓe masa mataimakin kyaftin bayan faɗan da ya yi a titin Bristol a 2017, wanda kotu ta wanke shi a kai. A 2021 ya ajiye wasa na wasu watanni don kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsa, bayan rasuwar mahaifinsa. Da yawa sun ɗauka waɗannan dalilai ne na hana shi. A ganina su ne suka gina shi. Wanda ya taɓa faɗuwa a idon duniya ya san abin da yaro mai rawar jiki ke buƙatar ji.

Da shi da sabon koci Brendon McCullum suka ɗauki kusan mutanen da Root ya bari, suka ce musu su daina tsoron a fitar da su. Suka dawo da Anderson da Broad. A bazarar 2022 suka ci wasa shida cikin bakwai, har da cim ma maki 378 a kan Indiya a Edgbaston, kuma Root ɗin nan da Jonny Bairstow ne suka kammala aikin. A Rawalpindi a Disamba suka tara 506 a ranar farko kaɗai. Ƙasar filin a mace take, irin wadda kowa ya san canjaras za a tashi. Stokes ya janye mutanensa da la'asar ɗin rana ta huɗu, ya bar wa Pakistan 343, adadin da za ta iya kaiwa, don ya ja ta ta biyo shi. Ta biyo. Aka fitar da na ƙarshenta a rana ta biyar rana na gab da faɗuwa. Root ba zai yi wannan cacar ba, kuma ba wanda zai zarge shi da bai yi ba.

Ni abin da ya fi nuna mini bambancinsu wani ƙaramin abu ne a Haidarabad a Janairun 2024. Tom Hartley, mai murza ƙwallo da hannun hagu, ranar farko ke nan da ya sa rigar ƙasarsa. Ƙwallonsa na farko Yashasvi Jaiswal na Indiya ya ɗaga ta har wajen fili. Aka ci gaba da dukansa ba sassauci. Abin da aka saba shi ne a karɓe ƙwallo, a tura yaro can gefe ya huce, kuma da yawa daga nan ne tauraronsu ke disashewa. Stokes ya bar shi yana jifa, yana zuwa yana dafa kafaɗarsa, yana ƙin tura masu tsaro baya. A zubi na biyu Hartley ya fitar da mutum bakwai a kan maki 62, Ingila ta ci da tazarar 28. Makin da aka yi asara ranar farko kuɗin sayen zuciyar yaron ne, kuma kyaftin ya san abin da yake saye.

Sai dai wannan gasar da 4 da 1 aka tashi, Indiya ce ta ci. Nan ne masu sukar Stokes ke da abin riƙewa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. A Welintan a 2023 ya tilasta wa Niyu Zilan sake bugu nan take, aka cinye shi da maki ɗaya. A wasan farko na Ashes a wannan shekarar ya janye a ranar farko ana 393, alhali Root yana kan 118 ba a fitar da shi ba, Ostareliya ta lallaɓa ta ci da ƙyar, gasar ta ƙare 2 da 2, kofin ya zauna inda yake, a hannun Ostareliya. Da Indiya a 2025 ma 2 da 2. Da aka je Ostareliya a ƙarshen shekarar, tafiyar da aka shafe shekaru ana shiri dominta, 4 da 1 aka dawo da shi. Root ya sha 4 da nema sau biyu a can, gaskiya ne, amma wasa ɗaya ba shi ne tazarar da aka yi wa mutane alkawari ba. Salon da ya warkar da tsoro ya haifar da wata cutar: masu bugu suna zubar da kansu a lokacin da wasa ke neman haƙuri, in an yi magana a ce haka muke wasa.

Duk da haka na fi ba Stokes. Kuskurensa nasa ne, ya yi shi da ido buɗe, kuma kowa a ƙungiyar ya san inda aka dosa. Root ma ya amfana: tun da ya sauke kayan ya wuce Alastair Cook a yawan maki, a 2025 ya zama na biyu a tarihin wasan Test, Sachin Tendulkar kaɗai ke gabansa. Ingila ta samu kyaftin mafi kyau ba tare da ta rasa mai bugunta ba.

Abin da ke damuna shi ne riƙon Stokes ba abin gado ba ne. Rabinsa a jikinsa yake. Mutane suna bin sa ne don sun ga ya karɓi ƙwallo a lokacin da kowa ya gaji ya yi ta jifa har ƙafa ta ƙi. Jikin kuwa yana ta karɓar bashinsa: tiyatar gwiwa a 2023, tsagewar naman cinya sau biyu a 2024, kafaɗa a 2025 wadda ta hana shi wasan ƙarshe da Indiya bayan ya fitar da mutum 17 a wasa huɗu. Mataimakinsa Ollie Pope ne ya riƙa tsaya masa, ya ci Siri Lanka 2 da 1, amma ya fi kama da mai riƙon ƙwarya da ke aiwatar da tsarin wani. A Satumban 2025 aka karɓe mataimakin daga hannunsa aka bai wa Harry Brook, wanda tun Afrilu yake riƙe da ƙungiyoyin gajerun wasanni bayan saukar Jos Buttler.

Masu goyon bayan Brook suna kallonsa a matsayin ci gaban Stokes, don yana bugu ba tsoro, ga 317 da ya yi a Multan a 2024. Ni kuwa Root nake gani a cikinsa: ɗan Yorkshire, gwanin bugun zamaninsa, wanda ake miƙa wa kujera saboda sunansa ne ba a gardama a kai in ana rubuta mutum goma sha ɗaya. Yadda mutum ke buga ƙwallo ba ya faɗa maka ko zai bar Hartley ya ci gaba da jifa, ko zai iya kallon abokinsa ya ce masa yau ba ka ciki. An haifi Brook a 1999, yana buga duk nau'o'in wasan uku, kuma jadawalin Ingila ba ya barin mutum ya numfasa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. In har shi ake so wa Test, to a sauke masa ɗaya daga cikin gajerun tun yanzu, a kuma bar shi ya jagoranci wasannin kwana huɗu na gida ko da kaɗan ne, domin tsarin kwantiragin hukuma yana janye gwanaye daga ƙungiyoyin gundumominsu tun suna ƙanana, su kai ga shugabancin ƙasa ba su saba tsara fili na yini guda cur ba. Haka aka yi wa Root a 2017. Ostareliya za ta zo Ingila a 2027, Stokes yana da shekara 36 a lokacin.