Nauyin Tarakta da Aikin Gona a Kura da Bunkure

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, manoman Kura da Bunkure da Garun Malam suka sami damar noman shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. Sai dai ƙasar da ake yi wa ban-ruwa tana da halinta, wanda ya kamata mai sayen tarakta ko mai hayarta ya sani. Yawanci abin da ake fara tambaya shi ne ƙarfin dokin injin. A ganinmu, nauyi ya fi cancantar wannan tambaya.

Dalili kuwa shi ne, injin ba ya jan garma kai tsaye. Tayoyi yake juyawa, su kuma su tura ƙasa baya, sannan tarakta ta yi gaba. Gwargwadon nauyin da ya danne tayoyin, gwargwadon yadda za su kama ƙasa. Idan nauyi ya gaza, sai tayoyi su yi ta juyawa suna santsi, man dizal yana ƙonewa a banza, taya tana cinyewa. Shi ya sa ake ɗura ruwa a tayoyin baya, a kuma rataya ƙarafa a goshin tarakta don kada gabanta ya ɗaga idan garma ta nutse.

Ɗalibai za su iya auna wannan santsi da alli da igiyar awo. A yi wa tayar baya alama, a auna nisan da tarakta ta ci a juyi 10 ba tare da garma ba, sannan a sake aunawa tana huɗa. Misali, idan na farko mita 45 ne, na biyu mita 39, an yi asarar mita 6, wato kusan kashi 13 cikin 100. Injiniyoyin noma sun fi son santsi ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 15 ga tarakta mai ja da tayoyin baya. Idan ya yi ƙasa da haka sosai, alama ce nauyi ya yi yawa.

Yawan nauyi kuma nasa lahanin ya fi ɓoyuwa. Tarakta mai nauyi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa tana matse ƙananan ƙofofin da iska da ruwa ke bi, har ƙasa ta daskare a ƙarƙashin inda garma ke tsayawa. Shinkafa ba ta cika damuwa da wannan ba, domin yana riƙe mata ruwa. Amma alkama da tumatir da za su biyo ta da rani saiwarsu ba za ta iya ratsawa ba. Taya mai faɗi, wadda aka ɗan rage wa iska, tana baza nauyin a fili mai yawa, ta rage ɓarnar.

A ƙananan fangalai kuwa, babbar tarakta ba ta da wurin juyawa, ga rusa kunyoyi da hanyoyin ruwa. Nan ƙaramin injin huɗa mai taya biyu, wanda ake bi a ƙafa, irin na manoman shinkafa a Asiya, ya fi dacewa, musamman idan an sa masa tayoyin ƙarfe masu haƙora don shiga taɓo.