Ko Ka Sani? Sandar Golf Mai Kan Guduma da Hannun da Ya Dace da Ita

Ko ka san cewa a cikin sanduna 14 da doka ta yarda ɗan wasan golf ya zuba a jakarsa, wadda ba ta tashin ƙwallo sama ita ta fi shan aiki? Fota ake kiranta. Aikinta gangara ƙwallo a ƙasa har ta faɗa rami mai faɗin milimita 108. A fili mai ramuka 18 da aka ƙiyasta gwani zai gama da bugu 72, an ware wa gangarawa bugu biyu a kowane rami, wato 36, rabi cur. Sauran sanduna 13 su ke raba ragowar.

Mutumin Ungogo zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To, filin golf na Kano yana nan maƙwabta a Nassarawa, kuma hikimar zaɓen wannan sanda ba baƙuwa ba ce a wajen manomi. Wanda ya taso daga Panisau ko Rangaza ya je maƙera sayen fartanya ba ya duba kyanta ya biya. Sai ya ɗaga ya ji nauyi, ya sunkuya ya kai sara biyu, ya ga yadda ruwan ya zauna a ƙota. Wadda ta yi wa yayansa daidai, shi tana iya sa masa ciwon baya kafin azahar. Haka fota take.

Iri biyu ne manya. Akwai mai siririn kai, akwai kuma mai kan guduma, wadda kanta ya yi faɗi ya miƙa baya, wani kamar rabin da'ira, wani mai kusurwa huɗu. Dalilin girman kan shi ne wannan: in ƙwallo ba ta daki tsakiyar fuskar sandar ba, kan yakan murɗa kaɗan, ƙwallon ta kauce ko ta gaza kaiwa. In aka kwashe nauyin ƙarfen daga tsakiya aka kai shi gefe da baya, murɗawar takan ragu ƙwarai. Injiniya Karsten Solheim, haifaffen Norway da ya zauna a Amurka, shi ya yaɗa wannan dabara da sandarsa Ping Anser a 1966, inda ya tara nauyi a dunduniya da tsinin kai. Masu kan guduma na zamani, irin su Odyssey 2-Ball ta 2001 da TaylorMade Spider ta 2008, sun ɗora ne a kan wannan tunani suka kai shi nesa. Faɗin kan kuma ya ba da wurin zana dogon layi da ke taimaka wa ido wajen saiti.

Ba a karɓi mai kan guduma da hannu biyu ba tun farko. A 1904 Walter Travis ya zo daga Amurka ya cinye babbar gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya da wata fota mai suna Schenectady, wadda ƙotarta ta shiga kusa da tsakiyar kai. A 1910 hukumar wasan da ke St Andrews ta haramta irinta, ba ta janye ba sai farkon shekarun 1950.

Abin da masu saye suka fi mantawa da shi shi ne wuya, wato inda ƙota ta haɗu da kai. Gwajinsa ba ya cin ko sisi. Kwantar da sandar a kan yatsanka, nemi inda ta tsaya daidai ba ta rinjaya ba, ka dubi kan. In fuskar ta kalli sama sosai, wannan an yi ta ne domin mai kai sanda baya ya dawo da ita kusan a miƙe. In tsinin ya rataya ya nufi ƙasa, ta mai bugu da lanƙwasa ce, wanda fuskar sandarsa ke buɗewa in ya ja baya, ta rufe in ya dawo. Gwargwadon ratayar, gwargwadon lanƙwasar da take so.

Kai kuma ta yaya za ka san naka bugun? Fuskanci katanga, ka ajiye kan sandar har tsininsa ya kusa taɓa gindinta, ka yi bugunka yadda ka saba ba tare da ƙwallo ba. In kan ya bi katangar kusan manne, bugunka miƙaƙƙe ne. In tazara ta buɗe a baya da gaba, kana lanƙwasa. Kada ka damu in ka ga 'yar tazara, don doka ta hana ƙota tsayawa cak a kan kai, dole ta karkata da aƙalla digiri 10, saboda haka babu hannun da ba ya ɗan zagaye. Kuskurenka ma shaida ne. Mai bugu da hannun dama da ƙwallonsa ke yawan wucewa ta hagun rami, fuskar na saurin rufewa, zai amfana da tsini mai rataya. Wanda tasa ke zamewa dama ya gwada mai kallon sama.

A da, kusan duk mai kan guduma fuskarta sama take kallo, shi ya sa masu lanƙwasa suka guje ta. Yanzu ana ƙera ta da wuya iri-iri. A watan Maris na 2024 Scottie Scheffler, na ɗaya a duniya amma gangarawa na ba shi wahala, ya ajiye siririya ya ɗauki Spider mai wuya irin na siririyar. Ya ci gasar Arnold Palmer da ratar bugu biyar, ya ƙara da gasar Players, ya ɗauki ta Masters a Afrilu. Sai dai Tiger Woods ya ci 14 daga manyan kofunansa 15 da siririya guda ɗaya ta Scotty Cameron. Ni abin da ke damuna shi ne ganin sabon ɗan wasa ya zuba kuɗi mai yawa don ya ga sanda a hannun zakara a talabijin, alhali bai taɓa ɗora ta a yatsa ba.

Tsawo ma abin dubawa ne. Yawancinsu inci 33 zuwa 35 ne. Wadda ta dace ita ce in ka sunkuya idonka ya sauka a kan ƙwallo ko ɗan ciki kaɗan, hannuwa a sake, gindin kan ya kwanta shimfiɗe a ƙasa. In ka yanke ƙota don ka gajarta ta, kan zai yi maka sauƙi a hannu fiye da yadda aka tsara. Doguwa kuwa, tun 1 ga Janairun 2016 an hana jingina ta a ƙirji ko ciki lokacin bugu.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. A filaye da dama na Arewa, inda shayar da ciyawa ke da tsada, an saba shimfiɗa yashi da aka cuɗa da mai a kewayen rami, a share wa ƙwallo hanya kafin a buga. Yashi na riƙe ƙwallo, dole a ja sanda baya da nisa, kuma in jan ya yi tsawo lanƙwasar hannu takan ƙara fitowa. Faffaɗan gindin guduma, in bai zauna daidai ba, yakan kwashi yashi kafin ya isa ƙwallo. Don haka kada a gwada ta a kan kafet ɗin kanti kawai. Ka ari iri biyu ko uku, ka je inda za ka riƙa wasa, ka buga ƙwallo goma daga mita biyu, goma daga mita goma. Ka sa mai ɗaukar maka jaka ya tsuguna a bayan rami ya gaya maka ta wane gefe suke kaucewa, don daga can ya fi ka ganin inda fuskar sandar take kallo lokacin da ta taɓa ƙwallo.