Ciwon Hangum Ba Abin Dariya Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna magana a kan hangum, ciwon da mutanenmu suka raina.

Da hunturun bara ya shiga gidanmu a Dangora. Ɗana ya fara zazzaɓi da ciwon kai, bayan kwana biyu gindin kunnensa ya kumbura, ko kunun tsamiya ba ya iya haɗiyewa. Mata suka shafa masa toka, yara na ta yi masa dariya. Shi ya warke cikin kwana 10. Amma ƙanena, saurayin da ke shirin aure, da shi suke shan ruwa a moɗa guda. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki ya kwanta, ciwon ya sauka masa a maraina. Daga nan dariya ta ƙare.

Ga abin da ya kamata mu sani. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana bin yawu da tari da atishawa. Takan yi kwana 16 zuwa 18 a jiki kafin ta bayyana, mai ita kuwa yakan fara raba ta tun kumburi bai fito ba. Yawanci yana wucewa da kansa, amma wani lokaci yakan kurmantar da yaro, ko ya kawo irin sanƙarau. Ga baligi yakan rage ƙarfin haihuwa, ko da yake ba safai yakan hana ta ɗungum ba. Babu maganin da ke kashe ƙwayar. Sai hutu, da ruwa da yawa, da abinci mai laushi, da maganin zazzaɓi. A keɓe majinyaci kwana 5 daga ranar kumburi. In wuya ya sanƙare, ko maraina sun kumbura, a garzaya asibiti.

Akwai kuwa rigakafi. A 1963 wani masani a Amurka, Maurice Hilleman, ya ɗebi ƙwayar daga maƙogwaron 'yarsa, ya raunana ta, aka fara allurarta a 1967. A 1971 aka gama ta da ta ƙyanda. Sau biyu ake yi. Abin takaici, ba ta cikin alluran da ake yi wa jariranmu kyauta, sai a saya. Ta ƙyanda da ake yi a wata 9 ba ta tsare hangum.

Saboda haka ina roƙon hukuma ta dubi talakawan Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, ta sa ta cikin na kyauta. Ku kuma malamai, in kun ga yaro da kumburin muƙamuƙi, ku sallame shi gida, kada ya zauna cikin 'yan'uwansa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyashe mu, amin. Wassalam.

Ni ne naku,
Wani Akawu, Dangora.