YADDA ƘASHI KE FAƊIN SHEKARUN MUTUM

Idan dillali yana so ya san shekarun doki, sai ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora. Likitoci ma suna da irin wannan dabara ga ɗan Adam, amma su ƙashi suke dubawa.

Sa'ad da aka haifi jariri, ƙasusuwansa ba su gama ƙosawa ba. Da yawansu guringuntsi ne, irin abin nan mai taushi da ke cikin kunne da kan hanci. Yayin da yaro ke girma, sai guringuntsin ya riƙa taurara kaɗan kaɗan, yana zama ƙashi, waɗansu ƙasusuwa kuma su haɗe da juna. Shi ya sa jariri ke da ƙasusuwa wajen 270, amma baligi 206 gare shi.

A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi, kamar na hannu da na ƙafa, akwai wani siririn faifai na guringuntsi. Daga nan ne ƙashi ke ƙara tsawo. Ran da faifan nan ya zama ƙashi duka, to, tsawo ya tsaya ke nan. Abin mamaki kuwa, kowane ƙashi da lokacinsa. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8. Biyu sukan fara taurara tun yaro bai shekara ba, sauran su biyo bi da bi, na ƙarshe sai wajen shekara 10. Hannu yakan gama haɗewa tsakanin shekara 16 da 19, 'yan mata kuwa sukan riga samari. Ƙashin da ke zuwa ƙarshe shi ne wanda ya gitta daga ƙirji zuwa kafaɗa, ƙarƙashin wuya, don shi sai mutum ya wuce shekara 20. Bayan wannan ma, guringuntsin haƙarƙari da na maƙogwaro sukan ci gaba da taurara har tsufa.

To, yaya za a ga ƙashi alhali fata da nama sun rufe shi? A shekarar 1895 wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano wani haske wanda ke ratsa nama, amma ba ya ratsa ƙashi sosai. Da shi ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. A cikin hoton, ƙashi yakan fito fari, wurin guringuntsi kuwa ya fito duhu, kamar an bar rata. A 1950 waɗansu masana biyu na Amurka, Greulich da Pyle, suka buga littafi cike da hotunan hannun hagu na yara, shekara bayan shekara. Likita yakan gwada hoton yaro da na littafin, ya ga wanda ya fi kama da shi.

Amfanin wannan ilimi ba kaɗan ba ne. Idan aka kai saurayi gaban alƙali, ba shi da takardar haihuwa, dole a san ko yaro ne ko baligi, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Idan aka tsinci ƙasusuwan mamaci, shekarunsa kan taimaki 'yan sanda su gane ko wane ne. Har a wasan ƙwallo ana aiki da shi. A 2009, lokacin da aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Nijeriya, an dubi wuyan hannun 'yan wasa da na'urar MRI, wadda ke aiki da maganaɗisu.

Amma fa ƙashi ba ya faɗin ranar haihuwa. Ƙiyasi kurum yake bayarwa, yakan kuskure da shekara ɗaya ko biyu. Wani yaro yakan yi saurin ƙosawa, wani kuma ciwo ko ƙarancin abinci ya jinkirta shi. Saboda haka likitan kirki yakan dubi hannu, ya dubi haƙora, sa'an nan ya ce, "Shekarunsa tsakanin kaza da kaza ne." Kuskure a nan yana iya sa a ɗaure yaro tare da manya. Maganin wannan duka shi ne iyaye su yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa tun suna jarirai.

Tambayoyi

1. Mene ne guringuntsi?
2. Wane ƙashi ne ke gama haɗewa a ƙarshe?
3. Don me likita ba ya iya faɗin ranar haihuwa daga hoton ƙashi?