Ko Ka San Tsohuwar Fijo Ta Taɓa Yin Dala Miliyan Biyu da Rabi?

A watan Maris na 2011 aka yi gwanjon wata tsohuwar mota a birnin Abadan na ƙasar Iran, aka sallama ta a kan kuɗin da ya kai kusan dala miliyan 2.5. Peugeot 504 ce fara, ƙirar 1977. Ita dai wannan Fijo da muka sani, wadda har gobe za ka ga 'yan'uwanta a bayan garejojin Jimeta, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashi. Motar shugaban Iran ce na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, aka kuma ce kuɗin za su tafi ne wajen gina wa naƙasassu da mabuƙata gidaje.

A Amurka irin wannan ciniki ba baƙo ba ne. Can akwai masu haukar tsofaffin motoci masu ƙaton inji, irin su Mustang da Charger na shekarun 1960. Koriyar Mustang ɗin nan da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, wani magidanci ya saye ta a 1974. Shekara uku bayan nan McQueen da kansa ya rubuto wasiƙa yana roƙon a sayar masa, aka ce albarka. Iyalin suka riƙe abarsu sama da shekara 40, sai a Janairun 2020 aka sayar da ita dala miliyan 3.74. Amma waccan silinda takwas gare ta, in ta yi gurnani unguwa sai ta ji. Fijo silinda huɗu ce, motar zuwa ofis da kai amarya, ga ta kuma ta kusa kamo ta a farashi!

Mai gardama zai ce sunan mai motar aka saya, ba ƙarfen ba. Ban musa ba. Sai dai ya je ya taya Fijon wani tsohon ma'aikacin jihar Gongola ya ji amsar da zai samu. Akwai dattijon da na sani a cikin garin Yola, idonsa ya yi rauni, ya daina tuƙi, amma duk safiya sai an yaye tamfol, an duba ruwan lagireto da baƙin mai, an tayar da inji ya ɗumama. 'Ya'yansa sun saya masa mota mai sanyi da gilashin lantarki, ya yi godiya, ya bar wa jikoki. Da bashin mota na gwamnati ya sayi Fijon, a cikinta aka ɗauko 'ya'yan daga asibiti suna jarirai, ita ta kai shi filin jirgi ranar tafiyarsa Hajji. Ya riƙe ta kamar yadda Bafulatani ke riƙe saniyar gado: ko ta daina ba da nono, ba ta zuwa kara.

Ta cancanci wannan gata kuwa. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 ta zama gwarzuwar motar Turai, a 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. Gwamnatin Obasanjo ta soja ta mai da 504 motar manyan jami'ai, daga nan kowane sakatare da shugaban makaranta ya ɗora rai a kanta. Faransawa sun daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara 20 bayan haka.

Sirrinta a ƙasa yake. Tayoyin baya ne ke tura ta, sandar da ke kai musu ƙarfi tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta, ga tsayi daga ƙasa, ga shokazoba mai dogon numfashi da ke shanye rami. Ba kwamfuta, ba na'urar da za a jona kafin a gane ciwo. Bakanike ya kasa kunne, ya hura kabureta, ya goge filogi, a tura, ta tashi. Shi ya sa wagon ɗinta mai layin kujeru uku ta mallake hanyar Yola zuwa Mubi ta Song da Gombi da Hong, da ta Numan zuwa Gombe, da ta Jada zuwa Ganye, but ɗaure da igiya, buhuna har sun leƙo, a zafin Afrilun da ke haura digiri 40.

Har gasar tsere ta ci. A 1975 wani Basuwide, Ove Andersson, ya lashe gasar Safari ta Kenya, mai laka da ƙura, da 504. Shi wannan Andersson ɗin shi ne ya gina wa Toyota tawagar tserenta a Turai, ya jagorance ta shekara da shekaru. Leƙa tashar Jambutu yau ka ƙirga motocin da ke lodi, ka ga nawa ne Toyota, nawa ne Fijo.