Daga Ikko Zuwa Girku: Labarin Turawan Mishan Na Farko

Ran 4 ga watan Disamba na 1893 waɗansu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Ikko, watau Legas ɗin nan da dubban 'yan Arewa ke neman abinci a cikinta yau. Biyu daga Kanada suka taso, Walter Gowans da Rowland Bingham, na ukun kuwa, Thomas Kent, mutumin Amurka ne. Su ba fatake ba ne, ba kuma ma'aikatan gwamnati ba. Nufinsu shi ne su kai bisharar addinin Kirista ƙasar da Turawan zamanin ke kira Sudan, watau ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Babu wata babbar ƙungiyar mishan da ta yarda ta tsaya musu, guzurinsu kuwa bai taka kara ya karya ba.

Turawan mishan da suka tarar a Ikko sun gaya musu gaskiya cewa tafiyar nan halaka ce. Mai karatu ya tuna a lokacin babu hanyar jirgin ƙasa, babu mota, sai ƙafa da kwalekwale da 'yan dako. Bugu da ƙari ba a riga an gane cewa sauro ne ke kawo zazzaɓin da ke ta kashe Turawa ba, don sai a 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya tabbatar da haka. Tun ba a je ko'ina ba zazzaɓi ya kwantar da Bingham, aka bar shi a Ikko ya riƙa aika wa 'yan'uwansa kaya. Gowans ya nausa har ƙasar Zazzau, ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu a garin Girku cikin watan Nuwamba na 1894. Wata bai cika zagayowa ba Kent ya bi shi a Bida. Ko mutum ɗaya ba su samu ya karɓi addininsu ba.

Bingham ya koma gida a 1895, ya je ya kai wa mahaifiyar Gowans ɗan abin da ɗanta ya bari. Wani da ya ga haka sai ya haƙura, amma shi ya sake dawowa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a karo na uku mutanensa suka sami wurin zama a Patigi, ƙasar Nufe, a 1902. Daga wannan ɗan tushe ƙungiyar SIM ta tsiro, daga cikinta kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954.

Abin mamaki, Girku ɗin nan ta sake cin wani Bature. Cikin 1900 wata ƙungiya dabam, ta CMS, ta tashi daga Ikko ƙarƙashin Bishop Tugwell, su biyar, har da wani saurayin likita, Walter Miller. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci, amma da suka isa Kano sai Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Kada a yi saurin ganin laifin Sarkin. A shekarar nan ce Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, kowane sarki kuwa ya san abin da ke tafe, ga shi kuma baƙin sun zo ba da izninsa ba. Shekara uku bayan haka Kano ta faɗa hannun sojan Turawa. Su dai masu wa'azin suka juyo suka yada zango a Girku, a can ɗayansu, Dudley Ryder, ya mutu da atuni.

To, a nan ne labarin ya sake fuska, kuma a nan ya kamata a daɗe. Miller ya bambanta da na farkon ta wajen abu guda: kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya zauna da alhazai da fataken Hausawa yana koyon harshe. Da ya sami zama cikin birnin Zariya a 1905, ba a bakin kasuwa ya tsaya yana ɗaga murya ba. Ɗakin magani ya buɗe, da 'yar makaranta, yana hira da malamai da Hausar da su kansu suke yabawa. Mutum ne mai kaifin baki, ya sha saɓawa da sarakuna da Turawan mulki, har ma da 'yan'uwansa na mishan, amma ya zauna shekara da shekaru. A 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Miller ya fi kowa ɗaukar nauyinsa. Ya rasu a Bukuru a 1952, ƙasar da ya zo yana saurayi ita ta rufe shi.

In ana ƙidayar waɗanda suka bar Musulunci ta dalilinsa, ba su da yawa, shi ma ya san haka. Amma daga wannan 'yar jama'a ta Zariya da Wusasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya girma, inda mahaifinsa ke aikin bishara.

Wani abin da littattafan Turawa kan tsallake shi ne baƙar fatar da suka yi aikin. Tun kafin su Gowans su iso, Bishop Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka 'yanto daga jirgin bayi, ya riga ya yi shekaru yana hawa da sauka a Kogin Kwara, yana kai ziyara fadar Etsu Masaba a Bida, ana girmama juna ko da yake kowa na kan addininsa. 'Yan dako da tafintoci da suka sha rana tare da Turawan nan kuwa, yawancinsu ko sunayensu ba a rubuta ba.

Yau tafiyar ta juya. Hanyar da ta ci su Gowans watanni, mota na cinye ta a kwana ɗaya, kuma mutanen Arewa ne ke gangarowa Kudu. Ran Lahadi a Legas da Ibadan akwai majami'un da ake sujada da Hausa, cike da mutanen Filato da Kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa, waɗanda Hausa ce ta haɗa su duk da kowa na da harshen gidansu. ECWA na da ƙungiyarta ta masu bishara, EMS, wadda 'yan ƙasa ke tafiyar da ita da kuɗin baikonsu, har tana aika mutane ƙasashen waje.

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon yaɗa addininsa, saboda haka ba mai korar mai wa'azi daga Agege ko Sabo ta Ibadan kamar yadda aka yi a Kano. Wahalar yanzu dabam ce. Mai wa'azin da ya shiga bas da lasifika yana kushe addinin mutane, galibi a tasha ta gaba ake mantawa da shi, in ma ba a yi rigima ba. Shi kuwa Kirista ɗan Arewa da ke zaune a Idi Araba ko kasuwar Mil 12, gida ɗaya yake haya da Musulmi, tare suke karɓar adashi, mota ɗaya ke kai saƙonsu gida. In rikici ya tashi a gari ba a tambayarsa majami'arsa, da shi da maƙwabcinsa duka Hausawa ake kiransu. Irin wannan mutum in zai yi zancen addininsa, da wanda zai sake gani gobe da safe a bakin famfo yake yi.